Wa Ya Juya Ƙwan?

Yaya,

Na makara, ban iya jiran dawowarki ba. Don Allah ki karanta wannan kafin ki shiga ɗakin ajiya.

Magana ce a kan ƙwayayen kazar nan mai wake-wake da muzuru ya kashe, waɗanda muka sa a kwali da fitila. Kin san na shafa wa kowanne gawayi a gefe ɗaya don in riƙa gane wanda na juya. Jiya da yamma na bar gawayin yana sama.

Yau da safe na tarar fitilar ta mutu, kananzir ya ƙare, gilashin ya yi sanyi ƙalau. Na ce shi ke nan mun yi asara. Da na taɓa ƙwan sai na ji ɗumi, kamar yanzu aka tashi daga kansu. Kuma an juya su duka, gawayin yana ƙasa. Makullin ɗakin a wuyana ya kwana, Yaya.

Akwai gashi guda ɗaya a tsakaninsu, mai wake-wake. Ke da kanki kika binne kazar a bayan gida, ina tsaye ina kallo.

Ban sake kunna fitilar ba. Kar ki kunna, kar ki taɓa ƙwan, kar ki gaya wa Inna. Sun fara kuka daga ciki, kuma ba ni suke amsa wa ba.

Ki bar ƙofar a ɗan buɗe. Ina jin ba ta gama kwanci ba.

Ƙanwarki