Rasuwar Injiniya Attaher Jimrau, Mai Kula da Manhajar Guga

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Aikin Sa-kai na Manhajar Guga, mai mazauni a Dakoro, ta samu labarin rasuwar jagoranta kuma malaminta, Injiniya Alhaji Attaher Jimrau, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata bayan gajeriyar jinya.

Marigayi shi ne ya assasa Guga, manhajar da ke shaida wa makiyayi ta wayarsa wace rijiya ke da ruwa, wace ta ƙafe. Ya bar rubutunta a buɗe kyauta, duk mai iyawa ya duba ya gyara, har aka samu masu taimako daga garuruwan da shi kansa bai taɓa takawa ba.

Ba za mu ɓoye ba, mun sha jayayya da shi, kuma Allah ya yi shi da taurin kai. Akwai wani tsohon sashe a cikin manhajar, mai amsa saƙon wayoyi masu maɓalli, wanda ya cukurkuɗe har kowane sabon gyara sai ya yi tuntuɓe da shi. Matasanmu, ƙarƙashin Malama Raliya Harisu, sun nemi a share shi, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: yana cinye lokaci, yana korar sabbin masu taimako. Marigayi bai musa ba, shi ma mai son tsabtar aiki ne, ya zubar da tarkace mai yawa da hannunsa. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba a cire abu sai an san wa ke dogaro da shi. Saboda haka yake bin kasuwannin dabbobi daga Azagor zuwa Bader Goula, yana karɓar wayoyin mutane yana gwadawa, muna yi masa tsiya cewa ya koma dillali. Da kaɗan-kaɗan ya mayar da kowa kan sabon tsari, sai waya ɗaya ta rage, ta Inna Azumi, dattijuwar da ke kiwon awaki a Tagriss, wadda ta ce a bar ta da wadda ta saba.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa Hajiya Rahinatu, da 'ya'yansa, da ɗaukacin dangi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makoma, ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi.

Muna kuma sanarwa cewa, bisa shawarar Malama Raliya da kanta, ba za a taɓa tsohon sashen ba muddin wayar nan tana aiki. Muna dawowa daga maƙabarta muka tarar Inna Azumi ta aiko saƙo ta wayarta tana tambayar rijiya. Ba ta san ya rasu ba, kuma amsa ta je mata.

Sa hannu:
Zaharaddini Samba
Kakakin Ƙungiya, Dakoro