Firijin Gwanjo

Daren Talata, Janbako

Barci ya ƙi zuwa. Yau na je Mafara gwanjon kayan kamfanin nan da ya karye a aikin madatsar Bakolori. Rediyo kawai na je saye, amma ido ya faɗa kan wani farin firiji, yana ta gurnani da wutar injinsu. Na sa hannu ciki, sanyi har ƙashi.

Aka fara tayi. Ni da wani ɗan kasuwar Bakura muka yi ta ɗaga hannu. Ban damu da hawan kuɗin ba, don na ɗauka kamar cinikin shanu ne, in an watse a koma gefe da dillali a nemi ragi. Da aka buga ƙararrawa aka ce firiji nawa ne, na matsa kusa da mai gwanjon na ce, "Ranka ya daɗe, to nawa za a rage mani?"

Ya ce, "Malam, nan ba a ragi. Abin da bakinka ya faɗa shi za ka biya."

Mutane na kallo, kunya ta hana ni gudu. Kuɗin san nomana da na sayar don canjo ƙarami, duka suka tafi.

Sai da muka sauke shi a zaure Hajara matata ta ce, "Malam, ina wutar da za ya sha?" Garinmu ko turken lantarki babu.

Ta zuba irin gero ciki, wai ɓera ba ya shiga. Iri dai ya tsira daga ɓera. Wa zai ja garmar?