Wa Ya Riƙe Kan Baba?

Zuwa ga Yaya Tasi'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan Umma da yara da mutanen unguwarmu ta Dilimi suna lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba. Ka yi wa Oga Muyiwa godiya, na ji shi ya kawo rumfunan zaman makoki.

Ni lafiya lau, ina cin abinci, ina zuwa aji. Makarantar likitancinmu a nan Amurka tana tura mu ƙauyukan da ba likita, kuma da hannu ake koya mana gano ciwo: a dafa baya, a lalubi ƙashi da tsoka. Makon jiya, a wajen jarrabawa, na dafa haƙarƙarin wani tsohon manomi, malama ta tambaye ni me na ji. Na ce ban ji komai ba. Tun rasuwar, hannuwana kamar ba nawa ba. Na faɗi jarrabawar, kuma in na sake faɗuwa za a sallame ni. Kada Umma ta sani tukuna.

Tambaya ɗaya gare ni. Da kuka sa Baba a kabari, wa ya riƙe kansa?

Ƙaninka,
Huzaifa