Kwanan da Aka Ƙara wa Hutun Sallah

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan kabarinki yana cike da haske.

Jiya aka miƙo mana takardar albashin Janairu a makaranta. Harajin bana ya sake canzawa, kamar yadda ya saba duk shekara tun da soja suka koma bariki, kuma bai taɓa canzawa ya zo min da sauƙi ba. A ƙasansa ga layin inshorar lafiya. Duk sanda idona ya faɗa kan layin nan ke nake tunawa, sai ƙanena Habu ya biyo baya.

Inna, ina kishin Habu. Yau dai na faɗa, da furfura a gemuna.

Kin tuna Litinin ɗin ƙarshen azumi da ciwon ciki ya kayar da ke? Ni na ɗauke ki daga Yakasai zuwa asibiti, ina ta taƙama da katin inshora a aljihu. Ma'aikaciyar ta duba ta ce katin na mata ɗaya ne da 'ya'ya huɗu, babu uwa a ciki. Shekara biyu ana yankar albashina, ashe wadda ta haife ni ba ta cikin iyalina.

Likita ya ce sai an yi miki tiyata, kuma sai an biya kafin a yi; aikin zai iya jira zuwa Alhamis, amma ba zai wuce ba. Na ce ba damuwa, albashi ya shiga, hutu Talata da Laraba ne, Alhamis banki zai buɗe. Sai ba a ga wata ba. Sallah ta matsa, gwamnati ta ƙara Alhamis a hutu. Na je na tarar da ƙofar banki a garƙame, maigadi yana tambayata ko ba ni da rediyo.

Habu kuwa ya baro shagonsa na Ƙofar Mazugal da zare a jikin riga, kuɗin ɗinkin Sallah fal aljihunsa. Shi da ba shi da kati, ba shi da takardar albashi, yaron da na sha yi wa gorin barin makaranta. Kafin in dawo har ya biya, an shiga da ke ɗakin tiyata.

Ranar Juma'a ni ne na uku a layin banki. Na kawo miki kuɗin har gado, kika ce, “Mayar aljihunka, Malam, ƙanenka ya gama.”

Shekara bakwai kika ƙara a duniya, kuma duk baƙuwar da ta zauna a tabarmarki sai ta ji labarin. “Habu, Allah ya yi masa albarka.” Ina daga soro ina ji, ina amsawa da amin.

Na sani, ni ɗan fari ne. Ko da ni na biya, kunya ba za ta bar ki ki yabe ni a gaban mutane ba, balle ki kama sunana. Na san wannan sarai, amma sanin bai rage min komai ba. Sau ɗaya tak na so in ji, ko a bayan idona ne.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya yalwata makwancinki. Allah ya ƙara wa Habu buɗi, ni kuma ya wanke min zuciya a kansa. Zan sa hannu da sunan da ban taɓa ji a bakinki ba.

Ɗanki na fari,
Sulaimanu