Jikana ya ƙara wa girgizar ƙasa girma, kuma ya ɗauki gyarana wasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Ni dattijo ne, ban saba kawo damuwata gaban jama'a ba, amma wannan ta fi ƙarfina, don Allah ku ba ni shawara.

A ƙuruciyata na yi aiki a tashoshin auna girgizar ƙasa, a Aljeriya, daga baya Turkiyya. Can na koyi Faransanci da Turkanci, na kuma koyi cewa girman girgiza ba hanya ɗaya ake auna shi ba. Waɗanda suka fara koya mini aiki tashin allurar na'ura a kan takarda suke dubawa, na Turkiyya kuwa, in girgizar ta kusa ce, sun fi yarda da agogo, wato tsawon lokacin da allura ta yi tana rawa kafin ta kwanta.

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi na dawo gida Jega da wata tsohuwar na'ura da aka daina aiki da ita, na kafa ta a ɗakin baya don sha'awa. Wata rana da la'asar ƙasa ta motsa, kwanoni suka yi ƙara, mutanen ƙauyen Jandutsi ma suka ce sun ji. Allura ta yi tsalle har bakin takarda, amma nan da nan ta kwanta. In ka bi tashinta, babbar girgiza ce, in ka bi lokaci, 'yar ƙarama ce. Gidanmu kuwa bakin fadama yake, ƙasa mai laushi tana ƙara wa motsi ƙarfi, kuma ba a taɓa daidaita na'urar da ƙasarmu ba. Shi ya sa ni kaina ban taɓa yanke mata lamba ba.

Yanzu jikana, ɗan 'yata ta fari, yana shekarar ƙarshe a jami'a. Ya roƙi takardar girgizar nan don furojet ɗinsa, na ba shi da murna. Sai ya bi tashin allura kaɗai, ya fito da babbar lamba, ya ɗora aikin gaba ɗaya a kanta.

Na gaya masa akwai gyara, ya kwashe da dariya, wai tsoho kishi nake, na ajiye takarda shekara da shekaru na kasa karantawa, ya karɓe ta, saura matata. Kun san wasan jika da kaka, ni na saba masa da shi tun yana rarrafe. Na ɗaure fuska na maimaita, har da Turanci, ya ce a kawo wa tsoho fura, yau Baturensa ya tashi.

Mahaifinsa ya rasu, uwarsa kuwa 'yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ko gaisuwa sama-sama muke yi. Na aika kakarsa wurinta, ta dawo ta ce 'yar tawa ta share hawaye ta ce ko sau ɗaya Baba bai taɓa yaba nata ba, yanzu kuma na ɗanta. Wannan magana ta hana ni cin abinci.

Ranar kare aikin ta matso. Malamin da za a kawo daga waje, in ya san fannin, kallo ɗaya zai yi wa takardar ya gane, yaron ya maimaita shekara. In na je wurin malaminsa a ɓoye, zai iya sa shi gyarawa, amma ranar da uwar ta ji, na tabbatar mata da zarginta. In na yi shiru, da hannuna na miƙa masa abin da zai kayar da shi.

Jama'a, in je jami'ar ne? Ko in ajiye kunyar nan, in shiga ɗakin 'yata in kira sunanta, in ce ta zauna mu yi magana? Wallahi ban san ta ina zan fara ba.