Madarar masu fenti

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Garejin ya ƙaru, yanzu mu bakwai ne. Ka san al'adarmu, wanda ya fesa wa mota fenti sai ya sha madarar gwangwani ya wanke ƙirji. Terver, mai fentinmu, ya daɗe yana tari, ni ina ta ƙara masa madara. Da na kai shi asibiti, likita ya ce madara ciki take sauka, fenti kuwa huhu. Kunya ta kama ni. Na saya wa kowa abin rufe hanci, tarin ya yi sauƙi. Madarar dai sun ce kar in daina.

A gai da Inna. A sa Terver a addu'a, ni kuma a roƙa mini gafara.

Ƙaninka Sabo,
Lafia