Maganin da Lajawa Take Jira

Lajawa, Litinin

Zuwa ga ƙanwata Khaulat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na kira wayarki har na gaji, shi ya sa na ba Bilya direba wannan takarda.

Ƙafar tana nan yadda kika san ta, sai ma ƙarin kumburi. Zazzaɓin ya sake kayar da ni ana tsakiyar noma, maƙwabta ne suka yi mini gayya.

Da Sallah kin ce a ɗakin bincikenku na jami'a kun samo abin da ke kashe tsutsar tundurmi. Daɗi ya sa na faɗa a masallaci. To ga shi masu rabon maganin shekara-shekara sun zo, rabin unguwa sun ƙi sha, har da ƙaninmu Auta. Wai na 'yar gida suke jira. Yaushe zai fito?

Yayanki,
Labaran

Wudil, Alhamis

Yaya Labaran,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Ina ganin kiran, ban san abin da zan ce ba ne.

Tsutsar tana da wani sinadari a jikinta, muna ce masa enzayim, da shi take sarrafa abinci ta rayu. Idan aka toshe shi, ta mutu. Abin da muka haɗa ya toshe shi, amma a cikin kwalba. Da muka gwada a kan irin wanda ke jikin ɗan Adam, shi ma ya toshe. Ka ga ya zama guba ke nan. Shekarun da na yi a kansa sun tafi.

Akwai wata maganar mai nauyi. Ko da ya yi aiki, tsutsa zai kashe, ba zai mayar da ƙafar da ta riga ta kumbura ba. Taka sai dai wanki da sabulu da ɗaga ta sama.

Don Allah su sha wanda aka kawo. Yana kashe ƙananan tsutsotsin da sauro ke ɗauka ya kai wa wani. Ni na gaji, Yaya. Ina tunanin barin binciken in tsaya ga koyarwa.

Taka,
Khaulat

Lajawa, Asabar

Khaulat,

Gaisuwa. Na karanta, na zauna ina kallon ƙafar. Ashe ni ba na cikin lissafin tun farko.

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Jiya Inna Yelwa ta zo da jikarta budurwa, idon sawunta ya fara tashi. Ta ce, "Malam, a sa sunanta a farko idan maganin ya iso." Na ce mata to. Me zan ce?

Wassalam,
Labaran

Wudil, Lahadi

Yaya,

Ina gaisuwa. A kai yarinyar asibiti yanzu, tun abin bai yi nisa ba. Na so in zo da kaina, amma ban san da wace fuska zan shiga unguwar ba. Ka gafarce ni.

Khaulat

Lajawa, Laraba

Khaulat,

Salama da gaisuwa. Bayan La'asar na miƙe a ƙofar masallaci na faɗi gaskiya, na haɗiyi maganin a gabansu. Wasu sun yi tsaki sun tafi, wasu sun sha. An kai yarinyar asibiti.

Zancen barin aiki, ke kika san nauyin da kike ɗauke da shi. Ni dai da ni ne, da na gwada wani haɗin.

Auta bai sha ba. Ya ce sai ya ji daga bakinki. Ranar Juma'a akwai mota, in za ki zo.

Yayanki,
Labaran